Yadda Dakta Falalu Ya Gaji Rigimar Inuwa

Dakta Falalu malamin kimiyyar ƙasar noma ne a Jami'ar Kwarin Dabino, wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta da aka gina a bayan garin Dutse, daidai inda duwatsu suka ja da baya suka bar wa gonaki fili. Mutum ne mai sanyin hali, mai gudun hayaniya. Idan mai adaidaita ya wuce da shi inda zai sauka, shiru yake yi har sai wani fasinjan ya tsayar, sannan ya sauka ya dawo da ƙafa. Matarsa Maijidda takan ce da faɗa ne abinci, da tuni yunwa ta kai shi kushewa.

A shekarar da wannan abu ya faru, shugaban jami'ar ya je wani taro a Abuja, ya dawo ba abin da ke bakinsa sai musayar ilimi. Wata ƙungiya mai tallafa wa jami'o'i ce ta ce ta daina kallon duk jami'ar da ta kulle iliminta a aji, sai an fita an ba mutanen gari, an kuma karɓo nasu. Abin da ya fi burge shugaban shi ne musayar ma'aikata: jami'a ta aika mutum ɗaya, abokan hulɗa su aiko mutum ɗaya, kowa ya zauna a gurbin ɗan'uwansa har damina ta fita. A taron sashe aka nemi wanda zai tafi. Kowa ya kawo uzurinsa, wannan ciwon baya, wancan surukarsa na asibiti. Falalu yana cikin tsara nasa uzurin a zuci aka shafa fatiha aka tashi, sunansa kuwa ya riga ya shiga.

Abokan hulɗar su ne ƙungiyar manoma ta Tsamiyar Goje, wani ƙauye da ke gaba da Aujara kaɗan. Shugabansu Malam Abdurrahim, malamin makarantar allo kuma manomi, ya zo Dutse da kansa aka karanta masa yarjejeniyar. Ya saurara da kyau. Abu ɗaya ya tambaya, wato shin wanda za su aiko, jami'a za ta riƙe shi har kaka ko da me ya yi? Aka ce masa ƙwarai kuwa. Ya sake tambaya, aka sake tabbatar masa. Waɗanda suke wurin sun ga idonsa ya ciko da ƙwalla, suka ɗauka daɗin karramawa ne.

Bayan an yi ruwan shuka motar jami'a ta kai Falalu ƙauyen, da akwatin kayan awonsa da wani dogon ƙarfe mai murɗaɗɗen baki da ake haƙo ƙasa da shi. Motar ce kuma za ta koma da wakilin manoma. Wani gajeren tsoho ne, Baba Sale, riƙe da buta da sanda. Ya dubi Falalu tun daga hula har takalmi, ya girgiza kai.

"Kai ne za ka zauna mini?" in ji shi. "To, kome zai ce maka, kada ka sake ka ba shi safiya."

Kafin Falalu ya tambayi wace safiya, kuma wa zai ba, tsohon ya shige mota. Gari guda aka fito rakiya. Ana ta ɗaga hannu har motar ta ɓace, kuma Falalu ya lura ba wanda ya ce a dawo lafiya.

Malam Abdurrahim ya zaga da shi. Ya nuna masa shagon da ke ƙofar gidan Baba Sale inda zai riƙa kwana, ya nuna masa gonar Baba Sale, da wurin tsayuwarsa a sahun masallaci, da buzunsa a majalisar dattawa ƙarƙashin tsamiya. Falalu ya ce cikin ladabi shi fa ya zo ne ya koyar da awon ƙasa da zuba taki. Malam ya ce wannan duk zai zo, amma takarda ta ce gurbi, gurbi kuwa ba a gutsurarsa, wanda ya ɗauka ya ɗauka duka.

Da aka idar da la'asar Falalu ya zauna a buzun. Wani dogon dattijo siriri ya zo ya zauna daura da shi, aka ce wannan shi ne Baba Ubaidullahi, maƙwabcin gonar Baba Sale. Ya gaida Falalu da fara'a, ya tambayi iyali da gajiyar hanya, ya ɓare goro ya miƙa masa. Sannan ya gyara zama, fuskarsa ta sauya.

"To, mu ɗora daga inda muka tsaya jiya. Ka ce awakina ɓarayi ne."

A ranar Falalu ya ji tarihin abin da ya gada. Akwai wata tsohuwar ɗorawa a kan iyakar gonakin dattawan biyu. Gindinta a gonar Baba Sale yake, wannan ba gardama. Amma da safe inuwarta a gonar Baba Ubaidu take faɗawa, sai rana ta karkata take komawa gida. Baba Ubaidu ya ce inuwar tana shigar masa gona ba sallama tana danne masa gero. Baba Sale ya ce inuwar dukiyarsa ce, kuma Baba Ubaidu da awakinsa suna hutawa a cikinta kowace safiya ba wanda ya taɓa neman izini. Tun Jigawa tana cikin Kano suke wannan shari'a. Dagaci ya gaji ya miƙa wa hakimi, hakimi ya gaji ya ce su je su yi ta yi, su kuwa suka ɗauki maganar a matsayin umarni.

Falalu ya yi abin da ya saba yi duk rayuwarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce Baba yana da gaskiya, a yi haƙuri, kuma awakin Baba mutanen kirki ne. Baba Ubaidu ya dube shi kamar wanda aka mara, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi gida. Washegari aka ji ko tuwo bai ci ba.

Malam Abdurrahim ya ja Falalu gefe ya yi masa nasiha. Ya ce bawan Allahn nan tun asuba yake tara hujjoji, ka zo ka watsar masa da su a gaban jama'a, ai kamar a kawo maka tuwo ne ka ce ka ƙoshi tun ba ka buɗe kwanon ba. Ya kuma faɗa masa gaskiya: sun tura Baba Sale jami'a ne don gari ya huta. To ga shi tun ba a je ko'ina ba sun gane kuskurensu, domin Baba Ubaidu da ya rasa abokin yi, da safen nan ya tare ladani ya ce kiran sallarsa yana karkata wajen arewa, ya kuma ce wa mai shayi ruwan zafinsa bai kai zafi ba. In Dakta bai riƙe gurbinsa ba, liman ne na gaba.

Taimako ya zo masa daga inda bai zata ba. Inna Bilki, matar Baba Sale, ita ke aiko masa da abinci. Bai taɓa ganin fuskarta ba, hannu kawai yake gani ya turo kwano ta ƙofar zaure, sai murya daga bayan kyaure. Muryar ce ta fara koya masa karatu. Ta ce ya tuna wa Ubaidu shekarar fari, lokacin da mahaifin Ubaidun ya ɗaure jaki a inuwar ya kuma ce an gode, ai ba a yi wa mutum godiya a kan abin da ba nasa ba. Ta ce idan Ubaidu ya kawo maganar gero, ya tambaye shi geron bara da ya yi a gefen da ba inuwa, wa ya danne shi? Ta ce kada ya amsa tambaya da amsa, ya amsa da tambaya. Labarin majalisa yana riga shi isa gida. Ranar da ya yi abin kirki yakan tarar da man shanu a miya, ranar da aka kayar da shi kuwa miyar kuka ce tsura, ko gishirin kirki babu.

Duk da haka kullum shi ne a ƙasa, don Baba Ubaidu ya fi shi daɗewa a fagen. Sai Falalu ya tuna cewa shi ma yana da makami. Ya ɗauki dogon ƙarfensa ya nufi ɗorawa. Ya haƙo ƙasa a cikin inuwa, ya haƙo a wajenta, ya haƙo a gabas, ya haƙo a yamma, ya zagaye gindin bishiyar da ƙananan ramuka. Ya yi ta haɗe-haɗensa a kwalabe a ƙofar shago, mutane na wucewa suna cewa Allah ya ba da sa'a, don sun ɗauka magani yake haɗawa. Abin da ya samu ya faranta masa rai: ƙasar da ke ƙarƙashin ɗorawar, a gefen Baba Ubaidu, ta fi ta sauran gonar ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda ganyen da ke zuba yana ruɓewa.

Ya kai kwalaben majalisa ya jera su a kan buzu. Ya yi bayani a tsanake, ya rufe da cewa ashe shekara da shekaru ɗorawar Baba Sale taki take zuba wa Baba Ubaidu kyauta. Dattawa suka gyaɗa kai. Baba Ubaidu ya daɗe yana kallon kwalaben, yana shafa gemu.

"Wato ka tabbatar da bakinka," ya ce a hankali, "ban da shigar mini gona, har shara take zubar mini."

Majalisa ta ɗauki sowa. A nan ne Falalu ya ji wani irin fushi ya kama shi, abin da bai taɓa ji ba ko ranar da aka ba wani ofishinsa yana hutu. Ya ji wata murya tana tambaya da ƙarfi ko akwai mai hankalin da ke kiran taki shara, sai daga baya ya gane tasa ce. Suka yi ta yi har ladani ya kira magariba, ya sake kira don ba wanda ya motsa. A kwanon wannan rana har da cinyar zabo.

Daga nan ilimin jami'a ya shiga Tsamiyar Goje, sai dai ba ta ƙofar da aka tsara ba. Laccar da Falalu ya shirya a makarantar firamare kan zuba taki, mutum biyu suka zo, ɗayan ma inuwa ya biyo. Amma mutane suka fara sallama a shagonsa da ƙasa ƙulle a leda. Wani yana so a auna masa ya ga ko ruwan da ke gangarowa daga gonar ƙaninsa ya fi wanda yake gangarawa daga tasa daraja. Wata tsohuwa ta aiko da ƙasar bayan katangarta, tana zargin kajin maƙwabta da kwashe mata albarka. Falalu ya auna wa kowa da gaskiya, ya kuma gaya wa kowa abin da ƙasarsa take buƙata, wasu har suka bi shawarar don kada abokin gaba ya riga su. Kafin gero ya fitar da kai, ƙauyen da yake da rigima ɗaya ya tara fiye da yadda dagaci zai iya saurara, kuma kowace da kwalbarta.

Labarin Dutse kuwa daga bakin Maijidda yake samunsa, idan ya hau tudun bayan makaranta inda waya ke kamawa. Ta ce an ba Baba Sale ofishin Falalu da ajinsa. Tun da ya fara shiga aji darasi ɗaya yake yi, wato halin Ubaidu, har ɗalibai sun haddace sunayen awakin mutumin da ba su taɓa gani ba. Ya tuge furannin da ke gaban ofishin shugaban jami'a ya shuka gero, ya ce bai ga amfanin shukar da ba a ci ba. An sa shi a kwamitin da Falalu yake ciki, taron da ake gamawa kafin azahar yanzu sai an yi la'asar a cikinsa, domin ko an ce a amince da bayanin taron baya sai ya ce shi bai amince an yi taron ba. Shugaban jami'a ya kira Malam Abdurrahim ya roƙe shi ya zo ya ɗauki mutuminsa, Malam ya tuna masa cewa har kaka aka ce, ko da me ya yi. A cikin hirar Maijidda ta ce da alama za a yi ruwa a Dutse, Falalu ya tambaye ta wace hujja gare ta. Sai ta tambaya ko da wa take magana.

Ana cikin tsakiyar damina ƙungiyar Abuja ta aiko wakiliyarta, Hajiya Radiyya, ta ga yadda musaya take tafiya. Aka kafa rumfuna a Tsamiyar Goje. Shugaban jami'a ya zo da manyan malamai a doguwar mota, ya taho da Baba Sale a matsayin shaida, da fatan a cikin hayaniya zai manta da shi a can. Bayan jawabai Hajiya ta ce tana son ganin wurin da aka yi binciken. Aka ɗunguma zuwa ɗorawa da yamma, hadari yana haɗuwa a gabas ba wanda ya kula.

A gindin bishiyar Baba Ubaidu ya ga taron da bai taɓa samu ba, ya ce ba zai bar shi ya wuce a banza ba. Ya fara. Falalu ya tare shi tun bai rufe baki ba. Baba Sale ya tsaya a gefe yana sauraro, yana ɓata rai, don ya ji an yi amfani da hujjar jaki ba a inda ya saba ajiye ta ba. Hajiya Radiyya tana ɗauka a wayarta, tana tambayar shugaban jami'a ko wannan wata hanyar koyarwa ce ta gargajiya. Ya ce ita ce.

Sai iska ta taso. Hula ta bar kai, rumfa ta bar ƙasa, kowa ya ruga ya cusa kansa cikin doguwar mota, farfesa a kan cinyar manomi. Ta gilashi suka ga ɗorawar ta yi wani dogon nishi, ta karkata a hankali kamar tsohuwa za ta zauna, ta kwanta a kan iyaka, saiwoyinta a sama.

Da ruwa ya ɗauke aka fito. Dattawan biyu suka zagaya bishiyar. Ruwa ya wanke ƙasa, ramukan Falalu suka fito fili zagaye da gindin, kowanne cike da ruwa. Falalu ya yi maza ya nuna wa jama'a cikin kututturen, wanda gara ta riga ta cinye ya zama kogo, ya ce ramukansa ko kaurin taɓarya ba su kai ba, ba su isa su ka da ko karan dawa ba. Gaskiya ya faɗa, amma ba wanda ya kalli kogon.

"Malam Ubaidu," in ji Baba Sale, "ka ga abin da na gani?"

"Na gani, Malam Sale."

"Ni ma haka na gani."

Wannan ne karo na farko da aka ji bakinsu ya zo ɗaya. Malam Abdurrahim ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala. Hajiya Radiyya ta tambayi abin da ya faru, shugaban jami'a ya gaya mata cewa binciken jami'a ya kawo ƙarshen rikicin da ya gagari hukuma shekaru aru-aru, ga masu rikicin nan kafaɗa da kafaɗa. Hajiya ta ce ta zaga jami'o'i da yawa ba ta ga irin wannan ba. Falalu ya ce shi bai yarda ba. Ya tsaya cikin taɓo ya yi gardama da shugaban jami'a, ya yi da Hajiya, ya yi da dattawan biyu a haɗe da kuma ɗaya bayan ɗaya, har takalminsa ɗaya ya nutse bai sani ba. Ba wanda ya kayar da shi, ba kuma wanda ya saurare shi.

Da kaka ta yi aka mayar da kowa gidansa. Ƙungiyar Abuja ta sabunta tallafinta, jami'a ta buɗe cibiyar musayar ilimi, aka naɗa Falalu shugabanta, aka ba shi ofis mai kujerun baƙi. Kujerun ba su daɗe babu kowa a kansu ba. Wata Laraba da hantsi aka yi sallama, sai ga Baba Sale da Baba Ubaidu, mota ɗaya suka hawo daga Aujara, goro ɗaya suka raba a hanya. Baba Sale ya zo neman bishiyarsa. Baba Ubaidu ya zo neman inuwarsa ta safe, wadda ya ce sai da ta tafi ya tabbatar tasa ce, Baba Sale kuma ya ce shi shaida ne. Falalu ya ce ai ya dasa musu sabuwar ɗorawa a wurin. Suka ce inuwarta ko ƙadangare ba ta isa ba. Daga ranar duk Laraba suna tafe. Jami'a tana ba su shayi da burodi, tana kuma nuna su ga baƙi a matsayin abokan hulɗa na dindindin.

Wata Laraba cikin bazara ba su zo ba. Falalu ya zauna da hujjojinsa a shirye, yana duban ƙofa, ya kasa karanta komai. Da azahar ta wuce ya kira Malam Abdurrahim, aka ce masa zazzaɓi ne ya kwantar da Baba Ubaidu, har ya daina magana, abin da ya tayar wa gari hankali fiye da zazzaɓin. Falalu ya sayi lemo a bakin tasha ya hau motar Aujara.

Ya tarar da tsohon kwance a zaure, ya rame, idonsa a rufe, Baba Sale na zaune a gefensa yana yi masa fifita. Falalu ya durƙusa ya yi masa sannu, ya yi addu'a, ya ɓare lemo ɗaya ya sa masa ɓari a baki. Baba Ubaidu ya tsotsa a hankali. Leɓɓansa suka motsa, Falalu ya kai kunne.

"Tsami," in ji tsohon. "Aikin jami'a."

Falalu ya ce lemon nan zaƙi gare shi kamar zuma, da kansa ya ɗanɗana kafin ya saya. Baba Sale ya ɗauki ɓari ya tauna, ya yamutsa fuska, ya ce ko tsamiya ta fi shi mutunci. Falalu ya tambaya yaushe bakin da ya saba da goro ya zama alƙalin zaƙi. Baba Ubaidu ya buɗe ido ɗaya, can ya buɗe na biyu. Kafin a kira la'asar ya tashi zaune ya jingina da bango, yana nuna Falalu da yatsa, ya kuma aika cikin gida a dama masa kunu, ya ce mai kauri, don maganar nan da sauranta.